Igiya Ta Huɗu

Kowa ya san igiyar aure uku ce.
Ta huɗun ni da Tanimu muka sa aka yi,
a rumfar wani baduku, can bayan Ƙofar Doka.
Jar fatar akuya, ta sha jima, laushi kamar kunnen maraƙi.
Baduku ya ce, "Wuyan wace dabba za a gwada?"
Tanimu ya ce rago ne.
Na cusa baki cikin mayafi,
dariya na cin cikina har Tudun Wada.

Ni na roƙa. A rubuta wannan da babban baƙi.
Shekara goma sha ɗaya ina tauna maganar,
sai daren da aka ɗauke wuta na furzar da ita
don duhu ya rufa mini asiri.
Ya yi shiru har ladanin Gyallesu ya gyara murya,
sannan ya ce, "Lantana, in na ja kika ji ciwo fa?"

Ku da kuka san ni a asibitin Shika,
babbar nas, gado arba'in na jiran bakina:
a ɗaura wa wancan ruwa, a juya wannan,
a taso likita, a rufe wa mamaci ido.
Ba ku san nauyin a tambayi mutum komai ba.
Nakan dawo gida wuyana ya sandare kamar taɓarya,
ina neman sa'a guda
wadda ba ni ce mai cewa ba.

Sharuɗɗanmu suna bayan takardar kuɗin wuta,
da rubutunsa na malamin lissafi.
Yatsa biyu su shige tsakanin fata da wuya.
Ba a ɗaure igiyar a ƙafar gado, ko ƙyaure, ko komai,
a hannu take zama.
Ba fizga. Ba ranar da ɗayanmu ke fushi.
Kuma in na ce "tsamiya", magana ta ƙare.

Daren Alhamis, in yara sun tafi gidan kakarsu a Samaru,
yakan wanke hannu, ya tambaya, "Yau kina so?"
Kullum sai ya tambaya, har abin kan ba ni haushi.
Zoben tagulla ya taɓa ƙashin wuyana, sanyi ƙalau.
Ya ce zauna, na zauna.
Ya ce yi shiru, sai shirun ya zo
irin wanda na nema a maganin barci ban samu ba.

Sau ɗaya na ce tsamiya.
Ranar ce wata yarinya ta cika a hannuna a wurin aiki,
fatar ta ji mini kamar bakin rijiya.
Kafin in rufe baki igiyar tana ƙasa.
Ya kwance, ya dafa mini shayi da citta,
ya zauna a tabarma yana matsa mini ƙafa,
bai ce don me ba.

A nan na gane wanda aka ɗaure.
Idonsa ba ya barin numfashina,
hannunsa ba ya iya sosa ko kunne.
Ni kan lumshe ido in tafi abina,
shi ke tsaye yana gadi.

Da safe nakan shafa mata man kaɗanya,
in naɗe ta cikin tsohon ɗankwali,
ƙarƙashin takardun haihuwar yara.
In sa farin kaya, in tare mai Keke a Kwangila.
Hajiya Uwani ta ɗakin magani ta ce,
"Ke kam ba kya tsufa, me kike ci?"
Na ce tuwon dawa.